A WANKE YADI KAFIN A ƊINKA BARGON ƘYALLAYE?



  

Hirarmu ta yau bisa ɗinki take. Kun san cikin watan Disamba da Janairu ɗari yana tsanani. Da dare, a Maraɗi da Damagaram, sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 15. Yara ƙanana da tsofaffi su suka fi wahala. Bargon kanti kuwa yana da tsada. Shi ya sa mata da yawa suke tara ƙyallaye wajen tela, su haɗa da tsofaffin zannuwa, su ɗinka ma iyalinsu abin rufa.

Aiki ne mai kyau, amma yana cin lokaci. Mai ɗinki da hannu takan yi makonni tana bisa bargo guda. Saboda haka akwai tambaya da ya kamata ta yi tun ba ta ɗauki almakashi ba: sabon yadi, a wanke shi tukuna, ko a yanka shi yadda ya fito daga kasuwa?

Ga amsarmu tun da fari: in bargon na rufa ne, wanda za a riƙa wankewa, to a wanke yadin duka kafin a yanka. Yanzu ku saurara ku ji dalili.

MENE NE BARGON ƘYALLAYE?

Bargon ƙyallaye ninki uku gare shi. Ninkin bisa shi ne fuska, ƙyallaye ne iri-iri da aka haɗa. Ninkin tsakiya shi ke riƙe ɗumi: auduga ce, ko tsohon bargo, ko tsohon zane. Ninkin ƙasa yadi ne guda mai faɗi. Sai a bi ninkin nan uku da allura, layi-layi, a ɗinke su tare.

Irin ɗinkin nan tsoho ne a ƙasar Hausa. Wanda ya taɓa ganin hawan salla ya ga lifidi bisa doki. Lifidi yadi ne ninki biyu, an cusa audugar rimi a tsakiya, an ɗinke. Da shi mayaƙan da suke kare dawakinsu daga kibiya.

Wasu ƙasashe ma suna yi. A Bangaladash mata suna jera tsofaffin zannuwansu, su ɗinke, su yi abin rufa da suke ce ma kanta. A Amurka akwai wani ƙauye na baƙar fata, Gis Bend, cikin jihar Alabama. Matan ƙauyen sun daɗe suna ɗinka barguna da tsofaffin tufafin aikin gona. A shekarar 2002 aka nuna bargunansu cikin wani babban gidan nuni a birnin Hustan, a 2006 kuma aka buga hotunan bargunan bisa kan sarkin wasiƙa.

Ku lura da abu guda. Mai ɗinki da tsofaffin tufafi kaɗai ba ta da damuwa, don tufafin sun sha wanki sun gaji. Matsala tana zuwa ne ranar da sabon yadi ya shiga cikin aikin.

DALILI NA FARKO: SABON YADI YANA ƘANƘANCEWA

A ma'aikatar saƙa, inji yana jan zare da ƙarfi, ya miƙe shi kamar tsarkiyar baka. Ana shafa ma zaren tsaye sitaci don kada ya tsinke. Haka ake saƙa yadi, a rina shi, a goge shi, a naɗe, duk yana miƙe.

Ranar da ruwa ya taɓa shi, zaren auduga ya sha ruwa ya kumbura, sitaci ya fita, zare ya saki jiki ya koma yadda yake so. Sai yadi ya ƙanƙance. Ya fi raguwa ta wajen tsawo bisa ga faɗi. Mafi yawan raguwar kuwa a wankin farko take faruwa.

Nawa yake raguwa? Yadin auduga na kanti yakan rasa santimetir 3 zuwa 5 cikin kowane metir guda. Yadi mai sakwa-sakwa, kamar akoko da zanen saƙar hannu, yana iya rasa fiye da haka, har kusan santimetir 10.

Ku ɗauki alli mu yi lissafi. Metir guda santimetir 100 ne. A ce yadinki yana rasa santimetir 4 cikin metir. In bargo metir 2 ne, zai rasa santimetir 8. Turmin atamfa mai yadi 6 kusan metir 5 da rabi ne, zai rasa santimetir 22, wato wajen taƙi guda.

Wata za ta ce: «Santimetir 8 me ya rage ma bargo?» Gaskiya ne, da bargon duka zai ragu daidai wa daida, da babu laifi. Amma ƙyallaye ba su raguwa daidai. Tsohon zane ya riga ya gama raguwarsa. Yadin roba, wanda ake ce ma targal, kusan ba ya raguwa. Sabuwar atamfa kuwa yanzu za ta fara.

Misali: kin haɗa tsohon ƙyalle da sabo, kowane tsawonsa santimetir 50. Bayan wanki sabon ya koma 48, tsohon yana nan 50. Ɗinki guda ya riƙe su. Dole tsohon ya tattare. Da yake ya riga ya yi laushi, nan bakin ɗinkin zai fara yagewa. Bargo mai ƙyalle ɗari, wurin tattarewa ya yi yawa. Ga shi ya karkace, ba ya shimfiɗuwa, ba ya ninkuwa daidai.

Akwai yadin da aka riga aka ƙanƙantar tun a ma'aikata. Wani injiniya Ba'amurke, Sanfod Kuluwet, shi ya fito da dabarar a shekarar 1930. Irin yadin nan ba ya rasa fiye da santimetir 1 cikin metir, kuma akan rubuta Sanforized a jikinsa. Ga amfanin karatu: ku riƙa duba takardar da ke liƙe ga yadi. Amma ƙyallen da aka tsinto wajen tela ba ya zuwa da takarda. Ba ki san asalinsa ba. Ruwa kaɗai zai gaya miki.

DALILI NA BIYU: RINI YANA ZUBA

Kowace mace ta san atamfa mai zuba. Wajen rini, wani launi yana kama zare, wani yana zaune a bisa kawai. In ma'aikata ba ta ɗauraye yadi sosai ba, sauran rinin yana nan yana jiran ruwa. Launukan da suka fi zuba su ne ja, da shuɗi mai duhu, da baƙi, da kore mai duhu.

Baba na marina ma haka yake. Shuni ba ya shiga can cikin zare, a bayansa yake kwanciya. Shi ya sa mai naɗa rawanin turkuɗi za ka ga goshinsa ya yi shuɗi. Ga rawani ado ne. Ga bargon da aka haɗa da farin ƙyalle ɓarna ce.

In zane guda ya zuba, sai a wanke shi shi kaɗai, magana ta ƙare. Amma bargon ƙyallaye ba ya rabuwa. Jan ƙyalle yana manne da fari har abada. In ja ya zuba, fari ya sha. Bargo kuma mai kauri ne, yana daɗewa bai bushe ba, rini yana ta yawo cikinsa. Aikin wata guda sai ya lalace cikin wanki guda.

Mutane da yawa suna cewa a sa gishiri cikin ruwa, rini zai kama. Ku ji gaskiyar magana. A wajen masu rini ana sa gishiri lokacin da ake rinawa, don ya taimaki launi ya hau zare. Bayan yadi ya fito kasuwa, gishiri ba ya ɗaure rinin da ya riga ya saki. Abin da ke aiki shi ne ɗauraya: a yi ta sake ruwa har sauran rinin ya fita.

DALILI NA UKU: TSABTA

Ƙyallen tela a ƙasa yake faɗuwa. An taka shi, ƙura ta hau shi, ɓera ya bi ta kansa cikin buhu. Sabon yadi kuma yana ɗauke da sitaci da magungunan ma'aikata, waɗanda aka sa don ya yi ƙyalli, ko don kada ya yamutse. Wasu mutane fatarsu ba ta jure su, sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Bargo kuwa da shi ake rufe jariri har fuska.

In za ki sa kayan gwanjo, ko tufafin da wani ya kwana da su, wanki ya zama dole. Ƙwarƙwata da ƙwayar ƙazwa suna bin tufafi. Ruwa mai zafi sosai yana kashe su: a jiƙa kayan minti 10 cikin ruwan da ya wuce digiri 55, wato wanda hannu ba ya iya daɗewa ciki. Sa'an nan a shanya su a rana.

MASU CEWA KADA A WANKE

Su ma suna da hujja, mu saurare su.

Suna cewa sabon yadi ya fi daɗin yanka, don sitaci ya sa ya tsaya cak, almakashi yana bi sumul. Suna cewa wanki yana sa bakin ƙyalle ya zare, ƙaramin ƙyalle ma ya lalace gaba ɗaya. Suna cewa ƙyalli yana tafiya. Kuma a garuruwanmu da yawa ruwa saye ake yi wajen ƴan garuwa, ko a ɗauko shi daga nesa. Duk gaskiya ne.

A Amurka, inda ɗinkin nan ya yawaita, masu yinsa har yanzu sun rabu biyu bisa maganar. Wasunsu da gangan suke ƙin wankewa. Suna sayen yadi duka sabo, iri guda, su ɗinke, su wanke daga baya. Sai bargon ya ɗan tattare ko'ina daidai, ya yi kama da na kakanni, su kuwa haka suke so.

To, yaushe ake iya barin wanki? Wuri biyu ne. Na ɗaya, in abin na ado ne, za a rataya shi ga bango, ruwa ba zai taɓa shi ba. Shadda mai ƙyalli, wadda ta sha bugu, nan ta fi dacewa. Na biyu, in yadin duka sabo ne, iri guda, kuma an gwada shi an ga ba ya zuba.

Ƙa'idar ita ce: ƙyallayen bargo guda su zama halinsu ɗaya. Ko duka wankakku, ko duka sababbi. Mu kuwa namu haɗe-haɗe ne: na tela, da na gwanjo, da tsohon zanen goyo. Tsoho ba ya komawa sabo. Hanya guda ta rage, a wanke sabon ya tarad da tsoho.

GWAJI BIYU MASU SAUƘI

Gani ya kori ji. Ga gwaji biyu da kowa zai iya yi a gida, ko cikin aji tare da malam.

Gwajin rini: ki yanki ɗan ƙyalle kamar tafin hannu. Ki sa shi cikin farin kwano da ruwa mai ɗumi da ɗan sabuni. Ki bar shi rabin awa. Ki dubi ruwan. Sa'an nan ki fid da ƙyallen, ki ɗora shi bisa farin tsumma, ki danne, ki bar su su bushe tare. In farin tsumma ya ɗauki launi, yadin mai zuba ne. Zaren ɗinki ma a gwada shi haka, tun ba ja da baƙi ba.

Gwajin tsawo: ki auna santimetir 50 bisa yadi, ki sa alama biyu da zare. Ki jiƙa, ki shanya, ki goge, ki sake aunawa. Ki rubuta lamba ta farko da ta biyu cikin littafinki, ki ɗebe. In kin samu 48, to yadin yana rasa santimetir 2 cikin 50, wato 4 cikin metir.

YADDA AKE WANKIN

1. A rarraba ƙyallaye kashi uku: farare da masu haske, masu duhu, sai jajaye su kaɗai.

2. Babban yadi, a bi bakinsa da ɗinki sama-sama don kada ya zare. Ƙananan ƙyallaye a zuba su cikin tsohuwar rigar matashin kai, a ɗaure baki.

3. A jiƙa cikin ruwa mai ɗumi wajen rabin awa. Sabon yadi ba ya bukatar cuɗa mai ƙarfi. A danna shi da hannu kawai. Sabuni kaɗan ya isa. Kada a sa ruwan jabel, yana cin launi, yana cin zare.

4. Don tattalin ruwa, a fara da farare. Ruwan da suka fito ciki shi za a sa ma masu duhu, daga nan jajaye. Kada a juya tsarin.

5. Mai zuba a yi ta sake masa ruwa. In an sake sau uku ko huɗu bai daina ba, a fid da shi daga aikin. A yi ninkin ƙasa na wani baƙin bargo da shi, ko a yi tsumma. Ƙyalle guda bai kai a yi hasarar bargo dominsa ba.

6. Kada a bar jiƙaƙƙun ƙyallaye tare cikin bokiti. Nan ne rini ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan. A matse a hankali, a shanya nan da nan. Masu launi a inuwa, don rana tana koɗar da su.

7. A goge tun da sauran danshi. Mai son yadi ya tsaya kamar sabo ta sa ɗan sitacin rogo kafin guga. Amma kada a ajiye yadi mai sitaci ya daɗe cikin akwati, ƙwari suna son sitaci.

8. Ruwan rini a zubar da shi nesa da rijiya, nesa da inda dabbobi ke sha.

Sai bayan an yi wannan duka za a auna, a yanka. Wajen sayen yadin ninkin ƙasa kuwa, a ƙara santimetir 10 bisa kowane metir 2, saboda raguwa.

NINKIN TSAKIYA FA?

In tsohon bargo ne ko tsohon zane, a wanke shi kamar sauran. In auduga ce gurzajjiya, wadda aka shiɓe, ba a wanke ta, don za ta dunƙule. A shanya ta a rana, a kakkaɓe, a shimfiɗa ta daidai. Abin da zai hana ta taruwa wuri guda ranar wanki shi ne yawan ɗinki. Tsakanin layi da layi kada ya wuce faɗin yatsa uku, wato wajen santimetir 5.

Audugar rimi tana da ɗumi, ba ta da nauyi, amma ta fi kyau ga matashi da katifa. Silinta gajere ne mai santsi, yana gudu cikin bargo, ba ya son yawan wanki. Kuma tana kama wuta da sauri ƙwarai. Lokacin ɗari ana shiga da kaskon wuta ɗaka. Ku nisanta shi da shimfiɗa, kowace iri ce, kuma kada a kwana da garwashi cikin ɗaki a rufe.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Sabon yadin auduga yana ƙanƙancewa, tsoho ba ya yi. Wani rini yana zuba, gishiri ba ya hana shi. Ƙyallen da za a rufe yaro da shi sai mai tsabta. Wankin ƙyallaye aikin yini guda ne da bokiti biyu ko uku na ruwa. Ɗinkin bargo aikin makonni ne. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ba a kuma fafe gora ranar tafiya: a tara ƙyallaye, a wanke su tun da kaka, lokacin da ruwa bai yi wuya ba, kafin ɗari ya shigo.

Maza masu saurare, ku ma maganar ta shafe ku. Teloli da yawa maza ne. In an kawo muku yadin auduga, ku tambaya ko an jiƙa shi. Abin da ke faruwa ga bargo shi ke faruwa ga wandon yaro, wanda aka ɗinka daidai, aka wanke, ya koma ɗangalalle.

TAMBAYOYI DON AJI

Malam ya karanta tambayoyin nan, ɗalibai su tattauna, kowa ya rubuta amsa.

1. Don me sabon yadi yake ƙanƙancewa in ya shiga ruwa?

2. Waɗanne launuka ne suka fi zuba?

3. Yadi metir 3 ne. Yana rasa santimetir 5 cikin kowane metir. Santimetir nawa zai rage bayan wanki?

4. Mace tana son ninkin ƙasa mai metir 4. Santimetir nawa ya kamata ta ƙara wajen saye?

5. A garinku, me mata suke sa wa a tsakiyar bargo? Wane ne ya fi daɗewa?

A zama na gaba kowace ɗaliba ta zo da ƙyalle guda mai launi, da farin tsumma, a yi gwajin rini gaban kowa. Ku rubuto mana abin da kuka gani, da hannunku, ko da layi uku ne. Ku sa sunan garinku.

Nan muka kawo ƙarshen hirarmu ta yau. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka ga aikin hannuwanku. Sai wani mako, in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.